Ji da Ganewa: Aikin Masanin Ji a Karkarar Kano



A ƙauyukan Dawakin Tofa da Bichi, inda gona ke manne da gona, da wuya a rasa injin niƙa. Mai injin yakan wuni a gindinsa, alhali kuwa ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa takwas kullum, tana lalata kunne. Da fari sai ya riƙa jin wata ƙara shi kaɗai in dare ya yi tsaka. Daga bisani siraran sautuka su ɓace masa, ya kasa bambance "sara" da "shara" da "tsara". Wasula kuwa suna nan, shi ya sa yakan rantse yana ji sarai, mutane ne ke magana ciki-ciki.

To, a nan masanin ji yake bukatar malamin harshe. Gwaji da kalmomin Turanci ba kunnen manomi yake aunawa ba, Turancinsa yake aunawa. Tilas a tsara kalmomin gwajin da Hausa, a kula da tsawon wasali da karin sauti.

Sa'an nan masanan kaɗan ne, kuma suna birni, a wurare irin su Cibiyar Kula da Kunne ta Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Saboda haka babban aikinsu koyarwa ne. Su horar da ma'aikacin asibitin ƙauye ya tambayi mai ƙarar kunne sana'arsa da allurar da aka yi masa, ya kuma duba jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, irin wanda ya auka wa Kano a 1996, tun kafin a fara kiransa bebe.