Lissafi Ma Sana'a Ce: Jawabi a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

An ba ni minti kaɗan, kuma maganata a kan ɗiyanmu ce.

Dukanmu mun san lissafi. Wadda ke sarin buhun shinkafa ta auna da tiya, ta cire kuɗin mota da na dako, ta gane ribarta, ai lissafi ta yi. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, akwai mutanen da aikinsu ke nan a jami'a, ana biyansu albashi. Ana ce musu masu bincike. Su ke tara alƙaluman ruwan sama, da farashin hatsi, da yawan masu zazzaɓi, su zuba a kwamfuta, su gano abin da zai iya zuwa. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, irin wannan aikin ne. Wadda ta tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ta san amfanin a faɗa wa manomi tun da wuri.

Kuma ba nesa ba ne. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, ga ta nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ta kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006 take.

To, ta ina ake bi? Sai yarinya ta ci lissafi da Turanci da kyau a WAEC ko NECO. Sannan JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, don haka wadda ba ta taɓa danna kwamfuta ba ta shiga da rauni. Sai digiri na shekara huɗu, sai bautar ƙasa. In sakamakonta ya yi kyau ƙwarai, jami'a na iya ɗaukar ta mataimakiyar malami, ta yi digiri na biyu da na uku tana karɓar albashi. Asusun TETFund ma yana biyan kuɗin ƙaro karatu ga malaman manyan makarantun gwamnati.

Kada wani ya ce mana wannan ba gadonmu ba ne. Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi suna da ilimin lissafi har Misira, can ya rasu a 1741. Rabon gado da malamanmu na Gwandu ke yi, lissafi ne zalla. Nana Asma'u kuwa jajis ta tura ƙauyuka su karantar da mata irinmu.

Ni dai ajin yaƙi da jahilci nake zuwa da girmana, na san zafin koyo a makare. Shi ya sa nake roƙon abu biyu. Na ɗaya, kada mu ɗora wa yarinya talla lokacin makaranta, ko da ranar kasuwa ce. Na biyu, ƙungiya ta ware wani kaso daga ribar bana don biyan kuɗin jarabawa da koyon kwamfuta ga ɗiyan membobi. Mu sa shi a taron wata mai zuwa, kowa ta faɗi ra'ayinta.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ƙara haɗa kanmu.