Jini a Bayan Gida: Ba Kullum Ne Basir Ba

 Magana ɗaya nake so mu riƙe yau: idan jini mai yawa ya fita a bayan gida, rashin ciwon ciki ba ya nufin babu haɗari.

Ga dalili. Akwai wani ɗan aljihu da kan ɓullo a bangon ƙaramin hanji. Wanda aka fi sani shi ne wanda masanin Jamus Johann Friedrich Meckel ya yi bayaninsa a 1809. Da shi ake haihuwar kusan mutum biyu cikin ɗari, kuma galibinsu har su tsufa bai dame su ba. Amma a wasu, fatar cikin aljihun irin ta tumbi ce, tana fitar da ruwan tsamin nan mai narkar da abinci. Hanji kuwa ba shi da kariyar tumbi, sai gyambo ya fito, jijiya ta fashe. Yaro na cikin wasansa lafiya lau, sai a ga jini mai duhu a kashinsa. Dattawa ma wasu aljihunan kan fito musu daidai inda jijiyoyin jini ke ratsa bangon hanji, kuma magunguna irin su aspirin da diclofenac na ƙara zubar.

Wani zai ce ai basir ne, ko atuni. To, jinin basir galibi kaɗan ne, ja-wur, yana ɗiga bayan an gama. Atuni kuwa da murɗar ciki da majina yake zuwa. Jinin da ya zo guda-guda, ko kashi baƙi kamar kwalta, ga jiri, ga tafin hannu ya yi fari, daga can ciki yake, kuma jiƙo ba ya tsayar da shi. Wani kuma zai ce an zura kyamara ta baki da ta dubura, ba a ga komai ba. Tsawon ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, kyamarorin nan biyu ba sa isa tsakiyarsa. Shi ya sa tun 2001 ake amfani da wata kyamara mai kama da ƙwayar magani, wadda ake haɗiyewa ta ɗauko hotonsa.

Don haka iyaye, kada a kwana ana jira. A garzaya asibitin da ake ƙarin jini da tiyata, domin da zarar an gano aljihun an yanke shi, galibi an rabu da matsalar ke nan.