BATIRIN SIGARIN LANTARKI: YADDA ZA A ZAƁE SHI DA YADDA ZA A TSIRA DAGA HAƊARINSA



Wannan jawabi ya shafi batirin da ake sa wa sigarin lantarki, wanda samarin birni suke kira vape. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ne ya ƙago irin wanda ya yaɗu a duniya, cikin shekarar 2003, kuma yanzu ya shigo biranen ƙasar nan. Tun da farko ya kamata a sani ba a yi jawabin don a kwaɗaita wa kowa shansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa nikotin da ke cikinsa yana kama mutum, yana kuma cutar da yara da mata masu juna biyu. Amma tun da abin yana hannun jama'a, wajibi ne a bayyana wani haɗari da ba a cika lura da shi ba, wanda yakan shafi mai shi da iyalinsa har da maƙwabtansa.

Wane Irin Batir Ne?

Batirin na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa 18650, domin kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 65. Akwai kuma yayansa, 21700. In ya cika da caji ƙarfinsa bolt 4.2 ne, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 2.5.

A ido ya yi kama da batirin tocila, amma bambancinsu mai nisa ne. A cikinsa akwai siraran faifai biyu da aka naɗe kamar tabarma, da wata leda wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba tana raba su, duk suna jiƙe da wani ruwa mai kama wuta. In zafi ya yi yawa ledar ta narke, sai faifan su haɗu, zafi ya haifi zafi, iska mai ƙuna ta taru. Tun da batirin yana cikin bututun ƙarfe, sai ya fashe kamar bindiga, a daidai bakin mutum ko cikin aljihunsa.

Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobara 195 daga 2009 zuwa 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu rauni mai tsanani. A 2018 fashewar ta kashe wani mutum a Jihar Florida, a 2019 ta kashe wani a Texas. Har ila yau, a 2021 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasar ta gargaɗi jama'a game da sayen wannan batir ɗai-ɗai, domin masana'antu sun ƙera shi ne don a haɗa cikin kwamfuta da injuna tare da abin da zai tsare shi. Wanda ya riƙe shi tsirara, shi ne ya zama mai tsaronsa.

Lambobi Biyu Da Za A Duba

Lamba ta farko ita ce mai haruffan mAh. Tana nuna yawan wutar da batirin yake adanawa, watau tsawon lokacin da zai yi kafin ya nemi caji. Ta biyu ita ce mai harafin A, watau amfiya. Tana nuna yawan wutar da zai iya fitarwa ba tare da yankewa ba, bai yi zafin da ya wuce kima ba. Ta farko kamar girman randa ce, ta biyu kuwa kamar faɗin bakinta. Mafi yawan masu saye ta farko suke dubawa, alhali kuwa ta biyu ita ce mai tsare rai.

Lambobin nan biyu ba su haɗuwa a sama. Batirin 18650 mai mAh 3500 yakan tsaya wajen amfiya 10. Mai 3000 yakan ba da 15 zuwa 20. Mai 2500 ko 2600 yakan ba da 20 zuwa 25. Alal misali, Samsung 25R mAh 2500 ne da amfiya 20, shi kuwa 30Q mAh 3000 ne da amfiya 15.

Ga yadda ake lissafi. A ɗauki wat ɗin da aka saita na'urar a kai, a raba shi da 3.2, wanda shi ne ƙarfin batir in ya kusa ƙarewa, sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda wutar da ke salwanta. Wat 60 zai ba da kusan 19, da ƙarin ya zama 21. Ke nan batir ɗaya mai amfiya 20 ya yi kaɗan, sai mai 25. In na'urar mai batir biyu ce, sukan raba nauyin tsakaninsu. Amma lalle ne su zama ƙirar kamfani ɗaya, an saye su rana ɗaya, ana cajinsu tare. Na'urar da ba ta da allon tsaro a ciki, wadda take haɗa batir da waya kai tsaye, ta fi kowace haɗari, kuma barinta ya fi alheri.

Yadda Ake Gane Jabu

Araha ba ta ado. Duk 18650 da aka rubuta masa mAh 5000 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta. Na gaskiya nauyinsa wajen giram 45 ne, jabu kuwa sau da yawa a kan ji shi sakayau a hannu. Akwai kuma waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci a yi musu sabuwar riga. Irin waɗannan suna iya kunna fitila, amma ba su jure wutar da sigarin lantarki yake ja. A sayi ƙirar sanannun masana'antu kamar Samsung da Murata da Molicel, wajen dillali amintacce mai ba da rasit. Wanda aka sayar masa da jabu yana da ikon kai kuka ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Ka'idojin Riƙo

Na ɗaya, a riƙa duba rigar roba da ke jikin batirin. Gangar jikinsa duka ɓangare ɗaya ne na wutar, kan nan na sama shi ne ɗaya ɓangaren, kuma rigar ce da wani ɗan zobe suke raba su. In ta yage ko kaɗan, a daina amfani da shi.

Na biyu, kada a jefa shi aljihu ko jaka tare da makulli ko ƙusa ko wani ƙarfe. A sa shi cikin ɗan akwatinsa na roba.

Na uku, a yi caji da caja mai tsayawa da kanta in ya cika, a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ba. Kada a bar shi a wuta a kwanta barci ko a fita unguwa. In wutar janareto tana rawa, a cire.

Na huɗu, a kiyaye zafi. Ba a son a yi masa caji a zafin da ya haura digiri 45. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana.

Na biyar, batirin da ya lotsa, ko ya kumbura, ko ya jiƙa, ko yake saurin ƙarewa, ya gama aiki. A liƙe kawunansa da salatif a kai wa masu tattara matattun batura. Kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta, yara na wasa kusa. Haka ma ƙananan sigarin da ake yarwa in sun ƙare, su ma da batir a cikinsu.

Na shida, tun 2015 dokar jiragen sama ta duniya ta hana sa sigarin lantarki cikin kayan da ake aunawa, ta kuma hana cajinsa a jirgi. Matafiya, musamman maniyyata, su lura.

In Tsautsayi Ya Auku

In batir ya fara huci ko hayaƙi, a kashe wuta daga soket, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙin domin guba ne. In wuta ta bazu a kira 'yan kwana-kwana, ko lamba 112. Wanda ya ƙone a cire masa tufar da ba ta manne ba, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi har minti 20, sa'an nan a kai shi asibiti. Kada a shafa manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Ana roƙon iyaye da malamai da shugabannin kasuwa su isar da wannan bayani ga matasa da masu shaguna. Wanda kuma ya bar sigarin gaba ɗaya, ya huta da haɗarin batir da na nikotin a lokaci guda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.