Kifin Kadinal na Bahar Maliya: Rayuwarsa da Mazauninsa



Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mutanen Ƙofar Kabuga, mazauna tudu, da kifin teku? To, Bahar Maliya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun ƙetare ta daga Sawakin zuwa Jidda don sauke farali, kuma tsofaffin gidajen garuruwan nan biyu da dutsen murjani aka gina su. Wannan dutse kuwa waɗansu ƙananan halittu ne suke gina shi a ƙarƙashin ruwa, sannu a hankali, har ya zama tsauni mai rassa da koguna. A nan kifin da za mu yi magana a kansa yake zaune.

Turawa suna kiransa kadinal, masana kuma suna kiran danginsa Apogonidae. Irinsa ya wuce 300, galibinsu ba su kai santimita 10 ba, watau kamar tsawon yatsa. Ana gane shi da manyan idanu, da faffaɗan baki, da filafilai biyu a gadon baya. Da rana yakan laɓe cikin rassan murjani, ko tsakanin ƙayoyin bushiyar teku, don gudun manyan kifaye. In magariba ta yi sai ya fito kiwo, yana kamun ƙananan halittu dangin jatan lande. Kafin gari ya waye ya koma maɓoyarsa ta jiya. Komawar nan tana da amfani, gama kashin da yake zubarwa a can taki ne ga murjanin da ya ba shi masauki.

Abin mamaki game da shi shi ne renonsa. Masuntan Tiga sun san karfasa, wadda macen take goyon ƙwai a bakinta. Shi kadinal, namiji ne yake ɗaukar wannan nauyi. Da mace ta saka ƙwai ya barbare su, sai ya kwashe su a baki, ya yi ta juya su kamar mako guda, ba ya cin kome, har su ƙyanƙyashe. In yunwa ta matsa masa, wani lokaci yakan haɗiye waɗansu.

Yanzu bari mu duba haɗarin da yake fuskanta. Murjani yana rayuwa ne da taimakon wata gansakuka da ke cikin jikinsa, ita ke ba shi abinci da launi. In zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba gani da bazara da digiri 1 kacal, ya kuwa daɗe makonni, sai murjani ya kori gansakukar, ya yi fari fat. In abin ya zarce ya mutu, rassansa su rushe. An ga wannan annoba a tekunan duniya a 1998, aka kuma ganinta a 2016, sa'an nan a 2024. In rassa suka rushe, kadinal ya rasa maɓoya. In ya ƙare, manyan kifayen da ke cinsa su rasa abinci, daga nan sai abin ya iske masunci. Don haka ne aka keɓe wurare irin su Sanganeb ta Sudan, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Darasin da ke ciki ga ma'aikatanmu shi ne, kiyaye kifi yana farawa daga kiyaye mazauninsa. Dokar hana kamun ƙananan kifi tana da kyau, amma ba ta isa ba in an bar mazauni ya lalace. A dausayin Haɗeja da Nguru, kifi yana hayayyafa ne cikin ruwan ambaliya, kuma madatsun Tiga da Challawa sun rage wannan ambaliya. Saboda haka duk wanda aka ba alhakin sarrafa ruwa, lalle ya tambayi kansa, ina kifi zai ɓuya, ina kuma zai yi reno, tun kafin ya sa hannu a takarda.