Famfon Magani A Ƙarƙashin Fata



Duk wanda ya leƙa asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri ya ji labarin ashanar fata, wadda akan sa wa mata a damtse domin tazarar haihuwa. Ita maganinta tsattsafowa kawai yake yi. Wanda zan yi magana a kansa ɗan'uwanta ne, amma shi famfo ne sosai, ba ya kuwa bukatar batir.

Kun san yadda gishiri ke jan danshi da damina. To, haka nan ruwan jiki ke ratsa wani siririn tantani ya iske gishiri a cikin bututun. Gishirin ya kumbura, ya tura murfi, murfin kuma ya riƙa fitar da magani ta wata 'yar kafa, kaɗan-kaɗan, dare da rana. A ganina, majinyacin da kuɗin mota kan hana shi komawa asibiti, shi ya fi kowa bukatarsa.

Rose da Nelson ne suka fara ƙera irinsa a Ostireliya cikin 1955, domin tumaki da shanu. Cikin 2000 Amurka ta yarda da Viadur, mai ɗauke da maganin shekara guda cur na ciwon dajin da ke kama maza a gindin mafitsara. Bai cika shekara goma a kasuwa ba, saboda tsadar ƙira da ƙarancin masu saye.