Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Cututtuka Masu Yaɗuwa

 

Mai martaba Sarki, Allah ya ƙara maka nasara. Mai girma Shugaban Jami'a, shugabannin tsangayoyi da sassa, malamai abokan aiki, iyaye da kuka baro gonakinku da kasuwanninku kuka zo, da ku 'ya'yanmu da aka taru dominku, barkanmu da ganin wannan rana.

An nemi in yi magana a kan bincike da amfaninsa. Maimakon in yi ta kewaye-kewaye, zan ɗauki aikin mutum guda mu duba shi tare: Farfesa Brian Greenwood, likita ɗan ƙasar Ingila da aka haifa a 1938. Wani zai ce, duk masananmu sai Bature? Muna da namu, kuma zan zo kansu. Dalilina shi ne a ƙasar nan mutumin ya goge, a kan marasa lafiyarmu ya koyi yin tambaya, kuma da wuya a sami gida a cikin waɗanda suka hallara a nan da amsoshinsa ba su shiga ba, ko da masu gidan ba su taɓa jin sunansa ba.

Ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965. A 1970 ya zo Zariya, lokacin da makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello take jaririya, ya yi shekara goma. Abin da ya tarar, iyayenmu da ke zaune a nan sun san shi sarai. Da hunturu ya ja jiki, bazara ta kunno kai da zafi da ƙura, sai sanƙarau ya faɗo gari. Yaro ya kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu a yi masa sutura. Wanda ya tsira kuma sau da yawa ya rasa ji. Da ruwan farko ya sauka sai cutar ta lafa kamar an kashe wuta. Tun 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zayyana yankin da take wannan ɓarna, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa.

A 1977 annobar ta afka wa Zariya. Magani akwai shi, amma allura ce da ake maimaitawa sau da yawa a yini, kwanaki a jere. Ku auna da hankalinku: marasa lafiya sun cika ɗaki sun malalo waje, ma'aikatan jinya ba su taka kara sun karya ba, wasu ƙauyukan ma ko malamin asibiti guda babu. Wa zai bi kowa da allura dare da rana? Sai Greenwood da abokan aikinsa suka yi tambayar da halin wurin ya tilasta musu: shin akwai maganin da za a yi sau ɗaya ya wadatar? Suka gwada kuloramfenikol da aka haɗa da mai, wanda yake daɗewa a jiki, aka buga sakamakon a 1979. Sunan da ya zo farko a kan takardar na ɗan Kano ne, Dakta S. S. Wali. Wannan allura ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta riƙa dogaro da ita a lokacin annoba shekaru da dama, har zuwa lokacin da wani gwaji da aka yi a Nijar, aka buga a 2005, ya nuna cewa wani magani daban yana iya yin wannan aiki. Ku lura, babu wata na'ura mai tsada a cikin labarin nan. Akwai dai likitocin da suka dubi yawan marasa lafiya, suka dubi ƙarancin hannu, suka nemi mafita daidai ƙarfin wurin.

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya da Birtaniya take da ita a can, shekara goma sha biyar. A nan ne aikin da ya fi taɓa rayuwar talaka ya fito. Gidan sauro ba shi ya ƙirƙiro shi ba, mutanen Gambiya sun daɗe suna kwana a ciki. Tsoma shi a maganin kashe ƙwari ma an san da dabarar. Abin da ba wanda ya tabbatar shi ne ko hakan yana hana yara mutuwa. Amsa wannan tambaya kuwa aikin wahala ne, domin a ƙauyukan da ba a rubuta haihuwa ba a rubuta mutuwa, sai an bi gida-gida, an ƙidaya yara, an dawo bayan damina an sake ƙidayawa, an zauna da uwar da ta rasa ɗa an tambaye ta cikin ladabi yadda ciwon ya kama shi. Sakamakon farko ya fito a mujallar Lancet a 1991, ya nuna raguwar mace-macen yara da ta yi yawan da wasu masana suka yi shakka. Aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasar baki ɗaya, rahoton 1995 ya nuna raguwar kusan kashi 25 cikin ɗari. Wasu masu binciken suka maimaita a arewacin Ghana da gaɓar tekun Kenya, abin ya tabbata. Daga baya, wani nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. Duk gidan sauron da aka ba mai juna biyu a wurin awo, daga wancan ƙidayar ta gida-gida ya samo hujjarsa.

Haka nan maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata a lokacin damina. Tunanin mai sauƙi ne: tunda a ƙasashen Sahel zazzaɓin yana tattare ne a 'yan watanni, a ba yaro kariya a watannin nan tun bai kwanta ba. Ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwajen an yi shi ne a Senegal, ƙarƙashin jagorancin Badara Cissé, ɗan ƙasar, Greenwood yana cikin abokan aikin, aka buga a 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, yau kuma miliyoyin yaran Arewa da Nijar suna shan sa. Yana da shekara fiye da tamanin ma bai ajiye aiki ba: a 2021 shi da abokan aikinsa na Mali da Burkina Faso suka nuna cewa idan aka haɗa wannan magani da allurar rigakafin zazzaɓin kafin damina, kwanciya asibiti da mutuwa saboda cutar suna raguwa da kusan kashi 70 cikin ɗari, idan aka kwatanta da ba da maganin shi kaɗai.

Takardun da ya buga ɗaruruwa ne, lambobin yabo kuma ya sha su, har da lambar Hideyo Noguchi da gwamnatin Japan ta fara bayarwa a 2008. Amma Mai girma Shugaban Jami'a, a yi mini afuwa, a nan zan ɗan taɓa mu. Mun mai da ƙarin girma a jami'o'inmu lissafin yawan takardu. Malami ya tsaga bincike ɗaya gida huɗu, ya biya kuɗi a mujallar da ba ta tace komai, kwamiti ya ƙirga ya ce ya cika sharaɗi. Wannan ƙirga dami ne ba tare da an sussuka an ga tsaba ba. A ganina kwamitin ya riƙa tambayar mai neman kujerar farfesa abu biyu: wace takarda ce a cikin naka ta sauya yadda ake duba mara lafiya, kuma ɗalibai nawa ka raina da yanzu suke tsaye da ƙafafunsu?

Bari in koma kan sanƙarau, don labarinsa bai ƙare a Zariya ba. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa ne suka tattara bayanan wannan annoba suka adana wa duniya. Rigakafin da ake da shi a lokacin bai kare ƙananan yara sosai, ƙarfinsa kuma bai daɗewa. Sai a Disambar 2010 aka fara amfani da sabon rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso, wanda wani kamfanin Indiya ya sarrafa a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Wasu ne suka haɗa shi, amma Greenwood yana cikin waɗanda suka auna tasirinsa a Chadi, inda rahoton 2013 ya nuna cutar ta yi ƙasa da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar. Daga annobar Zariya zuwa wannan nasara shekara fiye da talatin ke nan. Kuma da wannan rigakafi ya murƙushe nau'in A na cutar, sai nau'in C ya taso, ya kashe fiye da mutum 1,000 a 2017, Zamfara da Sakkwato suka fi jin jiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin da ke kare nau'i biyar a allura guda. Wa zai bi diddiginsa ya gaya mana ko yana aiki a Gumi da Gwadabawa nan da shekara goma? Ku ne.

Akwai wani abu na 1996 da ba zan tsallake ba. A tsakiyar annobar aka yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kimanin 200 a Kano, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka shafe shekaru ana shari'a. Da aka zo ƙin allurar shan inna a 2003, wannan tabo yana cikin abin da mutane suka riƙa nunawa. Don haka, 'ya'yana, duk wanda za ku ɗebi jininsa ko na ɗansa, ku zauna ku yi masa bayani da harshen da yake ji, ku ba shi damar ya ce a'a. Idan kun gama kuma ku koma garin, ku gaya wa mai gari da liman da iyaye mata abin da kuka gano.

Kuna da magabata a gida. Marigayi Farfesa Umaru Shehu ya ƙarar da rayuwarsa a kan lafiyar al'umma da rigakafi. Marigayi Farfesa Andrew Nok, a ɗakin gwajinsa na Zariya ya yi aikin da duniya ta yaba a kan ƙwayar cutar sammore. Aikin kuma bai ragu ba: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kwalara tana dawowa kusan kowace damina, mashaƙo da muka zaci ya zama tarihi ya sake ɓarkewa a Kano a 'yan shekarun nan.

Ga gwamnatocinmu da masu hannu da shuni da ke wurin nan, roƙona ƙarami ne. Ku ba ɗakunan gwaji wutar da ba ta yankewa, domin samfurin jinin da aka yi wata shida ana tarawa yana lalacewa a dare ɗaya idan firji ya mutu. Ku ware kuɗin bincike na shekaru, ba na wata uku ba. Ku ɗauki yaran nan aiki kafin wasu ƙasashe su ɗauke su. Ku kuma masu fita, wanda ya sami hanyar ƙaro ilimi a waje ya tafi da albarkarmu, amma ya tafi da tambayar gida, ya dawo mana da amsarta.

Allah ya sa albarka a takardun da za ku karɓa yau, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.