Fili Mai Araha, Hanya Mai Tsada

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa a Rijiyar Zaki



An umarce ni da in yi magana a kan muhalli, wato yadda malamin da haya ta gallaba a cikin gari zai sami matsuguni a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan da ke kewaye da Kano, ba tare da albashinsa ya ƙare a kan titi ba. Ni ba dillali ba ne, ba ni da ko taku ɗaya na fili da zan sayar wa kowa. Lissafi kawai na zo da shi, irin wanda muke koya wa 'yan aji shida, amma muke mantawa da shi ranar da aka nuna mana fuloti aka faɗi kuɗinsa.

Bari mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Dattawan da ke cikin ɗakin nan sun san lokacin da mutum idan ya wuce Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, ba ya ganin komai sai gero da dawa da gyaɗa, da itatuwan ɗorawa da rimi a tsakiyar gonaki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan karkara ta kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma kowace gona duk shekara ba hutu, jakuna na fitar da taki daga birni suna komawa da itace. Yau a kan waɗannan gonaki muke sallah, a kansu muke koyarwa. Ƙidayar 1952 ta sami mutanen Kano kusan dubu 130. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, har da tamu ta Ungogo, sun kai kimanin miliyan 2.8. Tsarin raya birni da Trevallion ya zana domin shekarun 1963 zuwa 1983 ya daɗe da zama tarihi, gari ya tsallake shi ya wuce. Da sabon matsugunin jami'a ya kafu a gefenmu, Rijiyar Zaki ta tashi daga wurin da malami ke sayen fili da rarar albashi ta koma wurin da malami ke neman ɗaki biyu na haya yana roƙon ragi.

Saboda haka idanunmu suka koma gaba: Janguza, Langel, Tofa, Rimin Gado, ko kuwa ta hanyar Katsina, Dawanau da Dawakin Tofa har Bichi. Gaskiya ne fili ya fi sauƙi a can. Amma Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma adon da take hana malami shi ne kuɗin mota.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira dubu. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira dubu 71 ne tun ƙarshen 2024. To, a ce malami yana kashe naira 1,500 zuwa da dawowa kowace rana. A kwana 22 na aiki ya kashe dubu 33, kusan rabin wancan albashi, bai sayi kwanon masara ba tukuna. Ku ɗauki wani misalin. Filaye biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, na nesan ya fi araha da naira miliyan ɗaya, amma zai ƙara maka naira dubu ɗaya a kuɗin mota kullum. Idan muka ɗauki kwanakin makaranta 190 a shekara, ƙarin ya kama dubu 190. Shekara biyar da 'yan watanni, miliyan ɗin da ka yi murnar ragewa ta tafi wurin masu mota, kuma hanyar tana nan ba ta ragu da taku ɗaya ba. Wannan lissafin mutum ɗaya ne. Idan uwargida ma tana aiki a gari, ko akwai yaro a kwaleji, sai a ninka.

Ba ina cewa kada a fita ba. Ina cewa nisa ba da kilomita ake auna shi ba, da yawan abin hawan da za ka canza ake auna shi. Bichi tana da nisan kimanin kilomita 40 daga Kano, amma wanda gidansa ke bakin titi, makarantarsa kuma tana wajen Dawanau ko Kurna, mota ɗaya zai shiga ya sauka. Wani kuwa yana kilomita 15 kacal, amma sai ya hau babur daga ƙauye zuwa bakin titi, ya shiga bas zuwa Kabuga, sannan ya tsaya jiran ɗan sahu. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a farkon 2013, wannan zango na ƙarshe shi ne mai cin kuɗi da cin rai. Babban kuskure kuma shi ne ƙetare gari. Malamin da ke koyarwa a nan yamma ya je ya sayi fili a hanyar Haɗeja ko ta Wudil don an ce masa akwai sauƙi, ya ɗaura wa kansa ratsa cunkoson Kano sau biyu kowace rana har ya yi ritaya. Ka nemi fili a kan hanyar da makarantarka take, ta yadda cunkoso zai kasance a bayanka, ba a tsakaninka da ajinka ba.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta da naira. Malamar da za ta bar gida da asuba, ta bar yara ba su karya ba, ta iso makaranta an riga an shiga aji, ta tarar an ja jan layi a littafin halarta, ita ta san abin da nake nufi. Ɗalibai ma sun sani, domin darasin farko ne ke mutuwa, kuma a yawancin jadawalinmu nan ake sa lissafi da Turanci.

Dillali yakan kai mutum ganin fili da rani, da yamma, ranar hutu. Ka koma kai kaɗai sau biyu. Ka je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka ga ko burjin da ya haɗa unguwar da titi yana biyuwa. Sannan ka kwana a garin ranar Lahadi, ka fito da safiyar Litinin ka tsaya a tasha da agogo a hannu. Ka tambayi maƙwabta gaba nawa suka haƙa kafin su tarar da ruwa, nawa ake sayar da jarka, akwai taransifoma ko sai an yi karo-karo, ina mace mai naƙuda take zuwa da tsakar dare. Gidan da ba ruwa, haya ce kake biya wa mai kura.

Yanzu ga wurin da malamai suka fi ƙonewa, wato takarda. Yawancin filayen da aljihunmu ke iya kaiwa awon igiya ne: mai gona ko wanda ya saye ta ya yanka ta fuloti-fuloti, hamsin da hamsin, lungu kuwa da ƙyar kura ta wuce. Ba duk awon igiya ne ke da matsala ba, rabin unguwannin da ke kewaye da mu da shi aka kafa su. Sai dai a san matsayinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Idan kuma gwamnati ta karɓi wurin don amfanin jama'a, abin da doka ta fi kallo wajen diyya shi ne gini da shukar da ke kai. Don haka kafin a biya kafin alƙalami, a je hukumar KANGIS da ta tsara birane, KNUPDA, a tambaya ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, ko hanya za ta bi ta kai, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Tambaya ta biyu ta fi wannan muhimmanci a karkararmu: gonar ta gado ce? An raba? Sau da yawa babban wa ne ke sayarwa, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ke da tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin ya karɓe kason da abokin tarayyarsa ya sayar wa bare. Kana iya kai ginin ka linta a kira ka gaban alƙali. Ka nemi ganin takardar rabon gado, ka nemi kowane magaji ya sa hannu, mace da namiji. Wanda ya ce maka ka yi sauri akwai wani mai so, ka bar wa wancan ɗin.

Ina kuɗin zai fito? Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, amma ba da albashin malamin firamare aka auna farashinsu ba. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin mai zubi, ya ba da rance mai ruwan kashi shida cikin ɗari har tsawon shekara 30. Da yawanmu ba za su taɓa shi ba saboda riba, waɗanda za su taɓa kuma za a nemi shaidar mallaka da awon igiya ba shi da ita. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin alawus na zaman karkara da gidaje masu sauƙin kuɗi ga malaman karkara. Wanda ya karɓi makullin nasa a cikinku ya ɗaga hannu mu taya shi murna.

Abin da ya rage mana shi ne abin da iyayenmu suka yi gini da shi: adashi da haƙuri, ɗaki ɗaya da bayi da katanga, a tare, sauran a bi su a hankali. Sai dai ajiyar takardar kuɗi ta daina amfani. Buhun simintin da bai kai naira dubu uku ba a 2019 ya taɓa dubu goma a farkon 2024. Wanda ya kwashi adashi ya mayar da shi bulo ko kwano a makon nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa nake kawo wa reshe shawara biyu. Ta farko, malamai ashirin ko talatin da ke koyarwa a kan hanya ɗaya su haɗa kuɗi ta ƙungiyar taimakon kai da kai su sayi gona guda, maimakon kowa ya je shi kaɗai a yanka masa. Sari ya fi sauƙi, binciken takarda sau ɗaya za a yi shi, za a fitar da titi mai faɗi da wurin masallaci tun kafin a aza bulo, a haƙa burtsatse ɗaya, kuma mutum talatin masu fita lokaci guda suna iya yin jinga da direban bas na wata-wata. A sa kuɗin a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a kowane taro, don mun ga ƙungiyoyin da rashin wannan ya rusa.

Ta biyu ita ce wadda na fi so a tattauna. Hanya mafi sauƙi ta rage nisa tsakanin gida da makaranta ita ce a matso da makarantar. Makarantun ƙauyukan Tofa da Rimin Gado da Dawakin Tofa sun fi na cikin gari ƙishirwar malamai, a lokaci guda kuma akwai malaman da ke fitowa daga waɗannan garuruwa kowace safiya su shigo birni, wasu na fita daga birni zuwa can, suna giftawa da juna a Janguza. Malamin firamare yana ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukumarsa, ƙaura zuwa wata ƙaramar hukumar sai da amincewar SUBEB, kuma mutum ɗaya da takardarsa a hannu yana iya shekara yana zarya. Ƙungiya idan ta kai jerin sunaye na musaya, wane ya koma gurbin wane, darasi iri ɗaya, mataki iri ɗaya, babu makarantar da ta yi asarar malami, babu ƙarin kwabo a kan gwamnati. Tun da jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wannan buƙata ce da ta dace da abin da gwamnati da kanta ta ce tana nema.

Na bai wa sakataren reshe takarda mai gida huɗu: inda kake kwana, inda kake koyarwa, abin hawa nawa kake shiga, da abin da kake kashewa a rana. Ina roƙon kowa ya cike kafin ya fita, waɗanda ba su zo ba kuma shugabannin makarantunsu su kai musu, domin a taro mai zuwa mu zauna da alƙalumanmu na gaskiya mu fitar da jerin farko na masu son musaya.